Filin da Ban Taka Ba

Ku matso kusa, ku kuma kife wayoyin nan a kan cinya, don ba zan yi magana kuna latse-latse ba. Tun da kun ce so kuke in koya muku sharhin ƙwallo, ku ma ku shiga gidan rediyo a riƙa jin muryarku daga Kano har Rogo, to sai ku ji abin da ke cikin aikin. Jiya na ji wani a cikinku yana cewa ai aikin Koci Bala ba wuya, surutu ne kawai a ɗaki mai sanyi. Ban ji haushi ba. Ni ma haka na ɗauka, kafin surutun nan nawa ya kusa sa a kashe ɗan mutane.

Na yi shekara goma sha ɗaya ina buga baya, na yi sha huɗu ina koci, yanzu ina cikin ta tara a gaban makirfo. Babu ɗaya a cikin ukun nan da na yi ba tare da tsoro ba. Amma na ƙarshen ya fi ba ni tsoro, kuma yanzu za ku ji dalili.

Ranar da na fara zuwa wurin Malam Ɗanjuma ko taɓa ƙwallo ban yi ba. Malam Ɗanjuma malamin wasanni ne a wata firamare a nan Karaye, shi ne kuma mai ƙungiyar unguwarmu. Ɗan gajere ne, da usur a wuya, ko masallaci zai shiga ba ya cirewa, sai dai ya tura shi cikin riga. Kayan aikinsa gaba ɗaya a buhu guda suke: ƙwallo biyu na fata da suka gaji da ɗinkin baduku, famfon keke, gwangwanin toka na zana layi, da tsohuwar ragar masunta da ya samo a bakin dam, muna ratayawa a turaku. Na zo da zumuɗina, na ɗaure takalmin aro, ina jira a jefo min tamaula. Sai ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Cire takalmin."

Na cire. Ya ce in taka filin daga wannan raga zuwa waccan, a hankali, ƙafa ba komai, in dawo in gaya masa abin da na ji. Na je na dawo na ce, "Malam, ban ji komai ba, ƙasa ce." Ya ce, "To koma." Sau huɗu ina komawa, rana tana dukana, sauran 'yan wasa suna ta yi min dariya. A na biyar ne na ce masa akwai rami kusa da kwana, akwai guntun tushen dawa a tsakiya, kuma gaban raga ta gabas ƙasar tana da tudu-tudu. Ya ce, "Yauwa. Yanzu ka fara ƙwallo."

Ku da kuka tashi kuna kallon filayen Turai a gidan kallo, ciyawa shimfiɗe kamar darduma, ba lallai ku gane ba. Filayenmu na ƙauye gonaki ne. Da damina gyaɗa ce ko dawa a wurin. Sai an yi girbi an kwashe kara, samari su je su roƙi mai gona, su zo da fartanya da shebur su baje kunyoyin da garma ta yi, su ja gungume a kai, su kafa turaku, shi ke nan an samu fili har ruwan farko. To amma kunyar gona ba ta mutuwa gaba ɗaya. Ido ba zai gan ta ba, ƙwallo kuwa sai ta same ta. Za ta taho a miƙe, ka shirya tarbarta, ta doki ɗan tudun nan ta tashi ta bi ta kafaɗarka. Shi ya sa dokar Malam Ɗanjuma guda ɗaya ce: ba a wasa a fili, ba a kuma magana a kan fili, sai an taka shi.

Gwiwar nan da kuke gani ina ja, a filin da ban taka ba ta tafi. Mun je wasa wani ƙauye ta wajen Rogo, taya ta fashe mana a hanya, muka iso alkalin wasa yana ta hura usur wai zai ba su wasan. Daga mota sai cikin fili. Minti ashirin da farawa na bi ɗan gabansu da gudu, ƙafata ta dama ta shige ramin gafiya, jikina ya yi gaba ita ta tsaya. Ƙarar da na ji har yau ina jin ta, kamar an karya busasshen kara. Wata shida na yi a kwance, mai ɗori yana zuwa yana komawa. Malam Ɗanjuma ya zo duba ni, ya zauna a bakin tabarma, bayan gaisuwa ya ce, "Ka taka?" Na ce ban taka ba. Bai yi min faɗa ba. Ya cire usur daga wuyansa ya ajiye kusa da kaina, ya ce in na tashi in zo in riƙe masa yara, shi ya tsufa.

Aikin koci a ƙauye rabinsa ƙwallo ne, rabinsa kuma yadda za ka mayar wa iyaye 'ya'yansu da ransu. Wasa na farko da na kai ƙungiya waje, mun ci uku da nema, ɗan gabanmu ya cire riga yana rawa a gaban magoya bayansu. Kai, ranar mun ga duwatsu! Motar kuma direba ya saka ta cikin lungu, hanci a jikin katanga, sai da ya yi ta ribas ana rotsa gilashi, yara suna kwance a ƙasan kujeru suna salati. Daga ranar na kafa tsarina. In mun isa gari, kafin a sauke ƙwallo, mota ta juya ta fuskanci hanyar gida, direba ya zauna a ciki. Ni kuma in je in durƙusa in gaida Mai unguwa, in sha ruwan da aka ba ni ko ba na jin ƙishirwa. Sannan kowa ya cire takalmi mu taka fili. In muka ci na biyu ba murna, in muka ci na uku in cire mai cin in zaunar da shi a benci. Shekara goma sha huɗu ban taɓa kallon wasan waje da ido biyu ba, ɗaya yana kan ƙwallo, ɗaya yana kan 'yan kallo.

A wannan lokacin ne na san Sale. Tela ne a wani ƙauye a bayan Gwangwan, ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, don mutanen nan sun riga sun tuba. Rani biyu yana hawo babur kowace Asabar ya zo Karaye in koya masa tsaron gida. Dogo ne, hannuwa manya-manya, ba shi da magana. Mahaifiyarsa 'yar wajen Yammedi ce, don haka in ya zo sai ya biya ya gaida kawunnansa. A cikin duk waɗanda na horar babu wanda ya riƙe dokar Malam kamarsa. Ko wasan gwaji ne za ka gan shi a gaban raga, safar hannu a hammata, ƙafa ba takalmi, yana tafe a hankali kamar mai neman allura.

Shiga rediyo kuwa ba nemanta na yi ba. Wani mai gabatar da shirin wasanni, Auwalu, ya zo ɗaukar rahoton wasan ƙarshe a nan, ya tsaya bayana yana jin yadda nake bayani a hutun rabin lokaci, ya ce in zo Kano ranar Litinin in faɗi haka a iska. Kayan aikin ba yawa: littafi ɗan ƙarami, biro, abin ji da ake kifawa a kunne, makirfo, da wata jar fitila da ke jikin bango. In fitilar nan ta kama, duk abin da ya fita daga bakinka ya tafi ke nan, ba ka da hanyar kamo shi. Masu saurarenmu kuma ba 'yan birni ba ne da za su ji su yi tsaki su wuce. Mai shayi ne da rediyo rataye a ƙusa, mutum ashirin a kan benci. Majalisar samari ce a gindin darbejiya. Manomi ne da ya ɗaure rediyo a kan keke. A wurinsu in rediyo ta faɗa, magana ta ƙare.

Shekaru uku na farko ina tsoron fitilar nan yadda ya kamata. Kowace Asabar da Lahadi ina kan babur, daga Karaye zuwa Rogo, ƙauye-ƙauye, in taka fili, in kalli wasa, in rubuta, Litinin in faɗa. Sai wayoyin nan naku suka yawaita. Samari suka fara turo min bidiyo. Gwiwa tana ciwo, hanya ba kyau, ga shi ana ta yabona wai Koci Bala ba ya ɓoye-ɓoye, kallo ɗaya yake wa ƙwallo ya gaya maka mai laifi. Kaina ya fasu, ba zan yi muku ƙarya ba. Na koma ina zaune a ƙofar gida ina latsa waya kamar ku.

Shekarar da abin ya faru, wasan ƙarshe na gasar rani ya faɗo tsakanin ƙauyen su Sale, masu jar riga, da wata ƙungiya daga wajen Yammedi, masu koriya. Don kada a ce an yi son kai aka kai wasan wani fili kusa da Tudun Kaya. Ranar Asabar ce, ban je ba. Aka tashi ɗaya da nema, masu koriya suka ɗauki kofi. Aka turo min bidiyon cin, bai kai minti guda ba, mai ɗauka yana can bayan ɗaya ragar, hannunsa yana rawa. Na ga an ɗaɗo ƙwallo daga nesa, ƙasa-ƙasa, ba ƙarfi. Na ga Sale ya durƙusa ya buɗe hannu. Na ga ƙwallo a raga. Sau biyu na kalla na ajiye waya.

Litinin bayan la'asar fitila ta kama. Auwalu ya ce, "Koci, masu sauraro suna jira. Cin nan na ranar Asabar, kuskure ne ko kuwa?"

Na gyara zama na ce, "Auwalu, na san Sale, ni na horar da shi. Ƙwallo irin wannan ko barci yake zai kama ta. In ta wuce shi, to shi ya bar ta ta wuce."

Aka buɗe layi. Wani ya bugo ya ce, "Koci, ai kawunnansa ne, ya za a yi ya hana su kofi?" Ni kuma na yi dariya. Ban ce e ba, ban ce a'a ba, dariya kawai na yi, makirfo ya ɗauka ya kai ta kowane teburin shayi a ƙasar Rogo.

Laraba da hantsi waya ta shigo, lambar da ban sani ba. Muryar dattijo ce. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, na tambayi jama'a. Sannan ya ce shi ne Mai unguwar ƙauyen su Sale.

"Koci, maganarka ta iso mana," in ji shi. "Samari sun fasa shagon Sale, sun jefa keken ɗinki a kwata, sun yi masa duka. Da ƙyar na ƙwace shi. Kwanansa biyu a zaurena, samari suna ƙofar gida ba su tashi ba. Yana ta cewa akwai kunya a gaban raga, ƙwallo tashi ta yi, ba mai saurarensa, sun ce wanda ya koya masa ma ya faɗa a rediyo. Jibi kasuwarmu ce, mutanen ƙauyuka za su shigo. Ni tsoho ne, ƙofata ta langa-langa ce. Ban san abin da zan iya ba."

Na sake buɗe bidiyon, na kalla ya fi sau ashirin. Can, daidai gaban Sale, kafin ƙwallo ta iso hannunsa, akwai wata 'yar ƙura da ta tashi. Ko kunya ce, ko ƙafarsa ce ta tayar, wallahi ban iya rabewa ba. Shirinmu kuma sai Litinin, kasuwa kuwa Juma'a. In na buga waya na ce na janye, cewa za su yi an roƙe ni. Na san hanya ɗaya ce, kuma ba na son ta.

Alhamis da sassafe na ɗaure ƙwallo a bayan babur na kama hanya. Na shekara goma sha huɗu ina gudun taron da ya fusata, yau ga ni ina tuƙa kaina zuwa cikinsa, ba direba, ba mota. Sau biyu na tsaya a hanya kamar in juya. Da na shiga ƙauyen na hango samarin a ƙofar gidan Mai unguwa, sun kai arba'in, wasu a zaune a dakali, wasu a tsaye, akwai masu gora. Na tsaya, na sauka, kuma ba tare da na sani ba hannuna ya juya babur ya fuskanci hanyar da na fito.

Kyaftin ɗinsu, wani ƙaƙƙarfa mai suna Garzali, shi ya fara magana. "Ku duba, Koci ya juya babur. Ashe ba da gaskiya ya zo ba."

Aka yi wata irin dariya marar daɗi. Na zare makulli na miƙa masa. Na ce, "Riƙe. In ƙarya na zo da ita, kada ka ba ni." Na wuce na durƙusa gaban Mai unguwa na ce, "Ranka ya daɗe, na zo gyara abin da na ɓata." Sannan na juyo na ce musu, "Maganar da na yi ranar Litinin, ban je filin ba na yi ta. A waya na gani."

"To yanzu ka je?" in ji Garzali.

"Ban je ba."

"Au! Ba ka je ba ka ce ya sayar da mu, ba ka je ba kuma ka zo ka ce bai sayar ba? Wanne za mu ɗauka?"

Na ce kada su ɗauki ko ɗaya, su tashi mu je tare mu taka. In babu kunya a gaban ragar nan, ni ne maƙaryaci sau biyu. Garzali ya ce sun yarda, amma da Sale za a je, don in babu komai a can za a gama magana. Na dubi Mai unguwa, ya dube ni. Na gane cewa ni da bakina na fito da yaron daga zauren da ke kare shi.

Aka fito da Sale. Fuskarsa a kumbure, hannunsa na dama a naɗe da tsumma. Ya ce, "Koci, sannu da zuwa," kamar ba abin da ya faru. Ƙanen Mai unguwa ya goya shi a babur, ni kuma Garzali ya goya ni a kan babur ɗina, sauran suka biyo mu, babura sun fi goma sha biyar, biyu-biyu, uku-uku. Duk tsawon hanyar nan addu'a ɗaya nake, Allah ya sa ƙurar nan ba ƙafarsa ba ce.

Abin da na manta shi ne ranar Talata an yi ruwan farko. Muna karyo kwana na hango shanu biyu da garma a tsakiyar filin. Mai gona ya fara huɗa. Daga ragar gabas har ya wuce tsakiya duk an juye ƙasa, kunya a jere a jere, sabuwa, baƙa. Innalillahi.

Garzali ya kashe babur ya ce, "To, Koci, ga kunyoyi nan sun fi ɗari. Wacce a ciki?"

Babu wanda ya yi dariya wannan karon. Na ga sun fara kewaye babur ɗin da Sale yake kai, a hankali, ba mai magana. Wani ya sauya wa gorarsa hannu. Na san irin wannan shirun, na sha jin sa a bakin fili kafin dutse na farko ya tashi. Na ce su ba ni minti biyar in gaida mai gona, don ba a shiga gonar mutum ba sallama. Na ja gwiwata na nufi dattijon, ya tsayar da shanu.

"Salamu alaikum, Baba, sannu da aiki."

"Wa alaikumus salam, sannunku da zuwa."

"Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara. Lafiya na gan ku haka da yawa?"

Na gaya masa a gurguje. Na ce muna neman wata kunya da aka ce tana gaban ragar yamma. Ya goge fuska da hular kansa ya ce, "Wacce, ta iyaka? Ai ga ta can, ina za ta je? Wannan ba a taɓa ta. Ita ta raba ni da 'ya'yan yayana tun rabon gadon mahaifinmu. Da samari suka zo baje fili na ce su baje ko'ina ban da nan, ko fartanya ɗaya aka sa mata na hana filin. Sai suka kwaso yashi suka zuba gefe da gefe, ta ɓace wa ido."

Ragar yamma a cikin gonar 'ya'yan yayan nasa take, su kuma ba su fara huɗa ba, turakun ma suna nan a kafe. Shi ma saura kamar taku ashirin garmarsa ta kai iyaka. Na zauna a ƙasa na cire takalmi, abin da na yi shekara biyar ban yi ba. Na taka daga inda huɗa ta tsaya zuwa raga. Taku bakwai kafin turaku tafin ƙafata ya hau ta. Ba ta fi tsayin yatsu huɗu ba, amma tauri gare ta, ta shekara da shekaru ba a motsa ta ba.

Na ce, "Garzali, cire takalmi ka zo."

Ya cire, ya taka, ya tsaya a kanta. Ya ce, "Na ji tudu. Amma tudu ba ci ba ne."

Na ce to ya shiga raga, ya durƙusa yadda Sale ya durƙusa. Na kwanto ƙwallo na ajiye a bakin huɗa. Ku tuna, rabona da buga ƙwallo da gaske tun ranar ramin gafiya. Bugu na farko ta tafi gefe, ko kusa da raga ba ta je ba, wani ya yi tsaki. Na biyu ta yi sanyi, ta gangara ta hau kunyar a hankali ta faɗa hannun Garzali. Ya ɗaga ta sama ya nuna wa jama'a. Na ji an ce, "Ka gani ko?" Na waiwaya na ga sun ƙara matsawa jikin Sale, ƙanen Mai unguwa ya sauka ya tsaya a gabansa.

Gwiwata kamar an zuba wuta. Na ja da baya taku huɗu, na ce bismillahi, na sa mata bayan ƙafa, ƙasa-ƙasa, da ɗan ƙarfi, yadda na gani a bidiyo. Ta taho a miƙe. Garzali ya buɗe hannu. Ta doki kunyar, 'yar ƙura ta tashi, ta bi ta kan kafaɗarsa ta dama ta wuce tsakanin turaku, ta yi ta gangarawa cikin gonar mutane.

Ni kuwa ina ƙasa, ƙafar ta ƙi ɗaukata. Daga nan kwance na ga Garzali bai tashi daga durƙuson ba, hannuwansa a buɗe ba komai a ciki. Can ya zauna a kan kunyar ya dafe kai. Masu gora suka riƙa sauke ta a ɓoye, kowa yana kallon wani wuri daban. Mai gona ya ce, "Allah ya kyauta," ya koma wurin shanunsa.

Sun ba Sale haƙuri a wurin, wasu har da kuka. Sun ciro masa keke daga kwata sun kai gyara, sun mayar da ƙofar shago. Litinin na faɗi komai a rediyo, na ce ni ne mai laifi, na kira sunana sau uku don kada wani ya ce bai ji ba. Auwalu ya so ya sassauta, na ce ya bar ni. Na ɗauka an gama.

Bayan girbi na je ƙauyen don in ce wa Sale gasar rani ta kusa, in yana so ya dawo Asabar mu ci gaba. Na same shi a shago yana ɗinki. Muka gaisa, ya sa aka kawo min ruwa. Ina magana ina kallonsa yana zura zare a allura da hannun hagu, sau uku yana kuskurewa. Sai ya ɗago na daman ya nuna min. Yatsu biyu na tsakiya sun miƙe sun ƙi lanƙwasuwa, ɗorin bai kama daidai ba. Hannun nan ba zai ƙara riƙe ƙwallo ba.

Ya jawo akwatin da ke ƙarƙashin keke ya ciro safar hannunsa ya ajiye a gabana, ya ce in ba wani. Ba ɗaga murya, ba ɓata rai. Na ce, "Sale, ka yafe min."

Ya ce, "Na yafe tuntuni, Koci. Ni ranar na taka filin, na ji ta, na gaya wa kyaftin ma kafin a fara. Abu ɗaya ne dai na kasa ganewa. Kai ka koya min cire takalmi. Me ya hana ka cire naka?"

Na ɗauki safar na yi masa sallama. Safar tana cikin jakata, ban ba kowa ba. Duk Litinin kafin jar fitila ta kama nakan fito da ita in ajiye kusa da makirfo. In Auwalu ya tambaye ni wasan da ban je ba, cewa nake ban taka filin ba, ya wuce gaba. Masu sauraro sun ce Koci Bala ya zama matsoraci. Gaskiyarsu ne.

To, kun ce kuna son aikin. Ga filin makaranta can, an yi girbi, an baje shi shekaranjiya. Ku bar wayoyin a nan wurina, ba mai taɓa muku. Daga wannan raga zuwa waccan, a hankali, ku dawo ku gaya min abin da kuka ji. Kai mai farar riga, kai da ka ce surutu ne, kai za ka fara. Cire takalmin.